A ina kayan oda ke maƙalewa: a babban titi ko a ƙofar gidan mai saye?

Kwari_Layin_Atamfa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga magana ina so mu baje ta, musamman masu sayar da kaya ta WhatsApp da Instagram da masu sana'ar kai saƙo. Kowa kukan hanya yake yi: titin Abuja zuwa Kano, tsadar mai, shingayen bincike. Ni kuwa a ganina ba a babban titi kaya suka fi maƙalewa ba. Kwali zai bar tashar Unguwa Uku ta Kano da hantsi, ya ci kilomita sama da 400, ya isa tashar Jabi a Abuja kafin isha'i lafiya ƙalau. Sannan ya kwana 3 tsakanin tasha da gidan mai shi, tafiyar da ba ta kai kilomita 15 ba. Ko waya a kashe, ko adireshin ya zama "bayan masallaci", ko a je a ce ba a shirya kuɗi ba. To ina ƙaramin ɗan kasuwa zai fara gyarawa? Kuma tsarin nan na sai an kawo a biya, a ci gaba da shi ko a watsar?

Dan_Kamasho_Uku:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka tsallake wuri guda, ita kanta tashar. Yawancin webil (saƙon kaya da ake ba motar haya ta kai) da ke ɓata tun daga wajen lodi aka yi kuskuren. Hanyar bayarwa iri biyu ce: ka tare direba a bakin get ka miƙa masa, ko ka shiga ofishin ƙungiya a rubuta a littafi a ba ka rasit. Ta farko ta fi sauƙin kuɗi, amma in an samu matsala ba ka da wanda za ka riƙe. Ta biyu akwai ɗan ƙari, amma ƙungiya ta san direban, ta san motar, ta san ranar da zai dawo layi.

Kafin ka juya baya ka tabbatar da abu huɗu: sunan direba, lambar wayarsa (kira shi a nan take ka ji ta yi ƙara a aljihunsa), lambar mota, da hoton kwalin a cikin but bayan an ɗora. Sai tambayar da mutane ba sa yi: "Kai tsaye ne ko da juye?" Direba in fasinjansa suka ragu a Kwangila ta Zariya ko Kawo ta Kaduna, sai ya juye su a wata motar ya dawo. Kwalinka ya bi su. Lambar da ka tura wa mai saye ta zama ta mutumin da tuni ya kama hanyar Kano, sabon direban kuma ba wanda ya san shi.

Rubutu a jikin kwali kuma a yi shi a gefe biyu da maka mai kauri, ba a saman kawai ba, don saman ne ake ɗora wa buhu.

Maman_Ilham_Kitchen:
Maganar adireshi nake so in tsaya a kai, don a nan mu mata masu sana'a aka fi samun tangarɗa. A garuruwanmu gida da sunan maigida aka san shi. Mai kai saƙo ya shiga layi yana tambayar sunan da Hajiya ke amfani da shi a Instagram, ai ko maƙwabciyarta ba ta san shi ba. Sannan namiji ne, ba zai shiga ba, ita kuma ba lalle ta fito ba.

Don haka kafin a naɗe kaya a tura wa mai saye waɗannan tambayoyin a saƙo ɗaya, kuma kada a ɗaga kaya sai ta cike duka: gari da unguwa, sunan layi in akwai, alama biyu, ɗaya babba ɗaya ta kusa (misali gidan mai kaza, sannan shagon mai caji da ke kallon gidan), launin get, sunan maigida kamar yadda 'yan unguwa ke kiransa, sunan wanda zai fito ya karɓa, lambar waya biyu, kuma na kamfani daban-daban, in MTN ta ƙi a gwada Airtel, sai lokacin da ake samunta. "Bayan masallaci" a Kano ba adireshi ba ne, kowane layi da masallacinsa.

Injiniya_Sadiq:
Ƙari a kan na Hajiya. Lokeshan na WhatsApp iri biyu ne, mutane na haɗa su. Akwai wanda ke nuna inda kake yanzu ya tsaya cak, akwai mai bin ka duk inda ka je na minti 15 ko awa 1 ko awa 8 sannan ya mutu. Na farkon ake buƙata, kuma a tura shi daga ƙofar gida a waje. In an tura daga ƙuryar ɗaki ƙarƙashin kwano yakan kauce ya nuna layin baya, a unguwa mai lunguna kuwa wannan kaucewar ta isa ta cinye rabin awa. Wata kuma tana wurin aiki za ta tura, mai babur ya nufi sakatariya alhali gida yana Ɗorayi.

Google Maps na da Plus Code, ɗan gajeren haɗin haruffa da lambobi ga kowane wuri. A ajiye shi a gaban sunan kwastoma, oda ta gaba ba sai an sake tambaya ba. Lambar gidan waya ta NIPOST mai lamba 6 yanki guda take nunawa, ba ta kai ka ƙofa. Ghana sun fito da GhanaPostGPS a 2017, kowane wuri da lambarsa, amma ko a can mai babur sai ya kira waya.

Abu_Hanifa_Lissafi:
A dawo kan tambaya ta biyu, don ita ce mai cin jari. Ga lissafi, alƙaluman misali ne, kowa ya sa nasa. Ka sari turmi a 14,000, ka sayar 17,000, riba 3,000. Webil Kano zuwa Abuja 3,000, mai babur daga tasha zuwa gida 2,500. Mai saye ya ce ya fasa. Ka biya 5,500 na zuwa, za ka biya 5,500 na dawowa, 11,000 ke nan. Oda ɗaya da aka ƙi karɓa ta haɗiye ribar turmi kusan 4. Ban sa kwanakin da jarinka ya yi yana yawo a but ba, ban sa ledar da ta yage ba.

Matsakaiciyar hanya: kuɗin mota a biya shi tun farko, ba a mayarwa, kuɗin kaya kuma a biya in an kawo. Wanda ya fitar da 5,500 daga aljihunsa ba ya kashe waya ranar da kaya suka iso. Wanda ya ƙi biyan ko wannan, dama ba mai saye ba ne, ɗan taya ne.

Ummu_Sultan22:
Malam Abu Hanifa, lissafinka daidai ne amma na gefe ɗaya ne. Me ya haifar da sai an kawo a biya? Ba rashin yarda ba? An sha nuna hoton shadda mai maiƙo a kawo wata aba kamar labule. Wasu shafukan ma ana tura kuɗi sai a toshe mutum. Mai sayarwa da ke son a biya shi tun farko sai ya fara biyan nasa bashin: bidiyon ainihin kayan a hasken rana, ba hoton da aka kwaso daga shafin wani ba, a auna yadin a gaban kyamara, a nuna takarda mai sunan mai saye da kwanan wata a kan kayan, sannan a naɗe a liƙe duk a bidiyo ɗaya ba yankewa. Sunan asusun banki kuma ya dace da sunan kasuwancin. Sannan a faɗi ƙa'idar mayarwa a fili. Rubuta "ba a mayar da kaya" ba ya kare wanda ya aika abu mai aibi, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC don irin wannan aka kafa ta.

Abu_Hanifa_Lissafi:
Ban musa ba, Hajiya. Bidiyon ma mai sayarwa yake karewa in aka zo gardamar launi.

POS_Na_Kan_Kwana:
Tunda ana maganar karɓar kuɗi a ƙofa: kada mai babur ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit ko don saƙon alat ya shigo. Duka biyun ana ƙirƙirarsu. Mai kaya ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin sun zauna, sannan ya kira ya ce a bayar. Kuma kuɗin su tafi asusun mai kaya kai tsaye, ba na mai babur ba. In suka bi ta hannunsa, yau zai ce netwok, gobe ya ce ya taɓa ya sha mai, ranar Juma'a ku zauna lissafin da ba ya ƙarewa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, su OPay da Moniepoint sun shiga ko'ina, ba wani dalilin da zai sa yaro ya yini da tsabar kuɗin mutane a jaka.

Turaren_Borno:
Ku yi haƙuri in karkatar da zancen kaɗan. Akwai kayan da suke isa a kan lokaci, adireshi daidai, kuɗi a hannu, amma a buɗe a tarar da ɓarna. Humra ce kan gaba. Kwalba ɗaya ta tsiyaye, ta ɓata atamfa 5 da ke kwali ɗaya da ita, ƙamshin kuma ba ya fita.

Yadda ake yi: kada a cika kwalba har wuya, a bar sararin yatsa biyu, don but ɗin mota da rana tanda ne, ruwan yana kumbura ya turo murfi. A shimfiɗa 'yar leda a bakin kwalbar kafin a murɗa murfin, a zagaye murfin da salatif sau uku ta ɓangaren da yake ɗaurewa, ba ta inda yake kwancewa ba. Kowace kwalba da ledarta a ƙulle. A tsayar da su, a raba tsakaninsu da yankakken kwali, a cusa takarda ko soso a duk wani rami. Sai gwaji: ɗaga kwalin ka girgiza kusa da kunnenka. In ka ji motsi ko ƙaras-ƙaras, buɗe ka sake. Man shanu da zuma a roba mai murfin murɗawa, ba mai dannawa ba. Kilishi kuma kada a rufe shi a leda da ɗuminsa, gumi zai yi ya yi funfuna, a bar shi ya huce a naɗe a takarda tukuna. Ruwa da yadi ba sa kwana a kwali ɗaya ko da mai saye ɗaya ne.

Cargo_Bashir:
A ƙara da cewa turare mai sinadarin barasa da fawa bank da batirin waya suna cikin kayan da jirgin sama ke da doka a kansu. Kada a ɓoye su a cikin kaya a ce tufafi ne, in na'ura ta gani duk kwalin za a ajiye.

Sai abin da ke ba sababbi mamaki a kamfanonin aika kaya: ba nauyin sikeli kaɗai ake caji ba, har da girman kwali. Tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000, wasu masu kargon jirgi da 6,000. Wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli shi za ka biya. Kwali mai 50 da 40 da 30 ya ba da 60,000, a raba da 5,000, kilo 12 ke nan, ko da abin da ke ciki gyale ne mai kilo 4. Yanke kwalin tsayinsa ya dawo 15, ka koma kilo 6. Reza ta naira kaɗan ta rage maka rabin kuɗi. Masu oda daga Chaina ta jirgin ruwa kuma da CBM ake musu lissafi, wato mita ɗaya ta kowane gefe, can nauyi bai cika damun kowa ba sai kaya irin su ƙarfe.

Sarkin_Zolaya:
Wato dai iskar da ke cikin kwali ma sai an biya mata kuɗin mota. Allah ya kyauta.

Mai_Babur_Hotoro:
Alhaji mai tambaya ya yi gaskiya cewa ƙarshen tafiya ne ke da wuya, amma laifin ba na mai saye kaɗai ba ne. Masu kaya na kiran mai babur duk sanda oda ta faɗo: ƙarfe 10 a aike shi Kurna, 12 a aike shi Mariri, 2 a sake cewa Rijiyar Lemo, wadda ke kan hanyar da ya baro da safe. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan yawon ba ya biyan kansa.

A sa lokacin rufe karɓar oda, misali 11 na safe. Abin da ya shigo bayan nan na gobe ne. Sai a kasa kayan bisa hanya: titin Katsina (Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa), ɓangaren Kabuga da Rijiyar Zaki da Ɗorayi, ɓangaren Zoo Road da Sheka da Sharaɗa, titin Zariya (Na'ibawa, Unguwa Uku), sai Nasarawa da Hotoro da Tarauni. Fita ɗaya, saƙo 6 zuwa 8 a hanya ɗaya. Kafin a tayar da babur a kira kowa. Wanda bai ɗaga ba sau biyu, kayansa su zauna a shago, kada a ɗauka da fatan za a same shi. A ƙofa kuma jira minti 10 ne, a faɗa wa mai saye tun farko, zuwa na biyu da kuɗinsa.

A kuma san kalandar gari: Juma'a daga 12 zuwa 3 hanyoyin masallatai a cushe suke, Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli da safe, da azumi kuma bayan la'asar ba mai ɗaga waya, kowa na kicin ko yana hanyar gida.

Lauya_Ba_Riga:
Tambaya ga Mai_Babur: ba a hana acaɓa a Kano ba?

Mai_Babur_Hotoro:
Ɗaukar fasinja aka hana, tun Janairun 2013. Kaya a akwati daban ne. Amma takardun babur su cika, lamba a jiki, hular kwano, akwati mai sunan kasuwanci, kuma kada a goya kowa. Wanda zai buɗe kamfanin kai saƙo sosai kuma akwai lasisin NIPOST, shi ne wanda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan ƙarin kuɗinsa a Yulin 2020 har minista ya dakatar. A Legas ma da aka hana acaɓa a manyan sassan gari a 2020, kamfanin Gokada kai saƙo ya koma.

Direban_Dare:
Ni ban yarda a wanke babban titi haka ba. Alhaji ya kawo misalin Kano zuwa Abuja, tafiyar yini ɗaya. Kayan da ke tasowa daga Legas fa, kilomita wajen 1,000? Mota ta bi ta Ilori da Jebba da Mokwa, ko ta zagaya ta Lokoja. Da damina tirela ɗaya ta kafe a wuri mara kyau, layin ya kai kilomita da yawa, a kwana biyu ba a motsa ba. Wasu hanyoyin direba ba ya bin su da dare saboda tsaro, dole ya kwana ya jira gari ya waye. Sannan babbar mota ba ta tashi sai ta cika. An karɓi kayanka Litinin ba yana nufin sun tashi Litinin ba. Abin tambaya a wurin lodi shi ne "yaushe motar za ta tashi", ba "kwana nawa ne hanya" ba.

Saura mako 2 Sallah kuwa komai ninkawa yake, kuɗi da kwanaki. Mai hankali yana sanar da ranar rufe karɓar odar Sallah, don atamfar da ta isa ana jajibiri ba telan da zai karɓa, dawo maka da ita za a yi.

Hajiya_Mai_Leshi:
Maganin doguwar hanya shi ne kada kowace oda ta yi doguwar hanya. In littafinka ya nuna kana aika kaya Abuja sau 10 a mako, ka ware kala 5 da suka fi tafiya, ka tura dila guda wurin amintaccen wakili a can. Webil ɗaya maimakon 10, mai saye ya samu a ranar, wanda aka ƙi karɓa kuma ya koma wurin wakili ba Kano ba. Sharaɗin: ƙirga kaya duk mako da hoto, kuɗi kuma asusunka kai tsaye kamar yadda mai POS ya ce. In ba a ƙirgawa, wata 3 za ka ji an ce ɓera.

Dan_Maradi_227:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ku da kuke da iyaka ɗaya, ta ƙofar gida, ku gode Allah. Kaya daga kasuwar Kwari ta Kano zuwa Maraɗi sai sun bi Katsina da Jibiya, na Damagaram su bi Daura ko Maigatari. Abu biyu ake yankewa tun kafin a ɗora: wa zai biya kuɗin duwan (kwastam), kuma a wane canji aka tsaya. Naira da sefa ba sa zama wuri ɗaya, in aka ce sai kaya sun iso a biya, kwana 4 sun isa riba ta narke. A yanke farashi da sefa ko da naira a rubuce, a biya a ranar, ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana ko ta ɗan canjin da ɓangare biyu suka yarda da shi. Kuma a tuna iyaka na iya rufewa: an rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Lambar waya a sa ta Nijar da ta WhatsApp, don layin direba na Najeriya yakan mutu da ya tsallaka.

Ummu_Sultan22:
To in kaya suka ɓata a hannun direba, asarar wa? Nan ne ake ɓatawa da kwastoma.

Almajirin_Zaure:
Malamai sun yi maganar ɗan dako tun da daɗewa. A Risala an ce mai jirgin ruwa ba ya ramuwa, kuma ba shi da kuɗin haya sai ya isar. Asalin mai ɗaukar kaya amintacce ne sai in an tabbatar da sakaci, duk da akwai bayani a kan kayan abinci. Tafsilin a kai wa malami. Abin da ya shafe mu shi ne a fayyace tun wurin ciniki: in mai saye ne ya ce "ba direba wane", ya zama wakilinsa. In mai sayarwa ne ya ce "zan kawo maka har gida" ya karɓi kuɗin kaiwa, kaya na wuyansa har su shiga hannu. Rashin faɗin wannan jumla ɗaya ke kai mutane wurin 'yan sanda.

Cargo_Bashir:
Kuma kaya masu tsada, waya ko gwal ko leshi na dubu ɗaruruwa, ba na but ɗin motar haya Sharon ba ne. A kai kamfani mai lambar bibiya, a faɗi ainihin darajarsu a takarda. Mutane na rage daraja don kuɗin ya sauka, in ya ɓata kuma abin da ka rubuta shi za a duba.

Injiniya_Sadiq:
Akwai wurin da ba wanda ya ambata, kuma yana gaban tasha da titi da ƙofar gida: shagon kansa. Da yawa masu tallan intanet ba su da kayan a hannu, hoto suke ɗauka a Kwari ko Kofar Wambai. Oda ta shigo, a je a tarar kalar ta ƙare, a kwana 2 ana nema, a ƙarshe a aika "mai kama da ita". Sai a ɗora wa direba laifin jinkiri, a ɗora wa mai saye laifin ƙin karɓa. Kada a karɓi kuɗi sai an kira mai shago ya ce akwai, ya ware.

Sannan a riƙe littafi, ko na takarda ko Google Sheets: lambar oda, suna, gari, ranar biya, ranar ɗorawa, direba da lambar mota, ranar isa, in an dawo da shi kuma dalili. A rubuta lambar odar a jikin kwali. A tura wa mai saye wata lambar sirri mai alƙaluma 4, ya faɗa wa mai babur kafin a miƙa masa, shi ke nan an rufe ƙofar "ban karɓa ba". Bayan wata 1 ka ƙirga layin dalili. Shi zai amsa tambayar Alhaji, kuma amsar mai humra ba za ta zama ta mai waya ba.

Kwari_Layin_Atamfa:
Na gode jama'a, an ƙaru. Direban_Dare, na karɓi gyara a kan kayan Legas. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da kayan da ke tashi daga Kano. Abin da ban ji an taɓa ba: wurin ajiya a unguwa, kamar yadda Jumia ke da wuraren da mutum ke zuwa ya karɓa. Ƙaramin ɗan kasuwa zai iya yin irinsa da mai kemis ko mai POS?

POS_Na_Kan_Kwana:
Ana yi, Alhaji, amma da sharaɗi. Shago mai buɗewa har bayan isha'i, a bakin titi, mai wurin kullewa. A yanke masa ladan kowane kwali, a ba shi littafin sa hannu, kuma kuɗin kaya kada su bi ta hannunsa. Kwana 3 in ba a zo ba a kwashe, in ba haka ba shagonsa ya zama sito.

Maman_Ilham_Kitchen:
Ga maza da 'yan makaranta zai yi. Matar da ba ta fita kuwa yaro za ta aika, don haka lambar sirrin nan ta Injiniya a ba yaron a takarda, kada a ce ya haddace. Kuma kayan sanyi ko abinci ba sa shiga wannan tsarin, su dai sai ƙofa.

Dan_Kamasho_Uku:
Wanda zai ɗauko daga tasha ya kai shagon fa? A sa shi a lissafi. Motar Kano in ta shiga Abuja bayan 9 na dare, direba ba zai jira kowa ba, ofishin ƙungiya zai ajiye, kuma wasu tashoshin suna karɓar kuɗin kwana a kan kowane kwali.